Na zaɓi Zaki, amma ban manta da 1994 ba

Tun ranar 7 ga Afrilun nan na 2011 da aka rantsar da Mahamadu Isufu, fadarmu ta shayi a Birnin Ƙonni ta rabu gida biyu. Wasu na cewa tunda Zaki ɗan Dandaji ne, ɗan Illela, to jihar Tawa ta ci riba, sai a miƙe ƙafa. Wasu kuma na cewa ƙawancen Tarayya da Lumana auren dole ne, kafin damina biyu za a ji saki.

Masu jiran saki su na fara wa magana, don sun fi baki. Gaskiya suna da hujja, ni ma ina raye a 1993 lokacin AFC. Mahaman Usman na shugaba, Isufu na firaminista, muka yi ta murna. A Satumbar 1994 Isufu ya ajiye aiki saboda rigimar wa ke da iko da me. Daga baya Hama Amadu ya zama firaministan Usman, aka shiga zaman doya da manja, har Bare ya kwashe su duka ranar 27 ga Janairun 1996. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sai dai mutanen nan ba su ne samarin 1993 ba. Sun ga tazarcen Tanja a 2009, sun tsaya waje guda suka ƙi shi. Hama ya kwana a gidan kaso, Isufu ya faɗi zaɓe sau da dama ya haƙura. A 2011 Hama ya samu kujerar majalisa, aka ba Birji Rafini na Agadas firaminista, kowa da akushinsa. Don haka na bi layi ranar 12 ga Maris, kuma ban yi nadama ba.

Ku kuma masu rawa, ku dakata. Zama ɗan gida ba ya shayar da gona. A 2010 muka ci yunwa a ƙasar nan, samarinmu suka tsallaka Najeriya cirani. Madatsun Mozage da Zango da gandun noman rani na Ƙonni ya dogara da su, yashi na cinye su kowace shekara. Manomin albasa na Galmi na sayar da buhu a wulaƙance lokacin kaka don ba shi da wurin ajiya. Malbaza na da masana'antar siminti, amma ƙanena shekara uku ke nan ɗakinsa na tsaye ba rufi.

An yi mana alkawarin 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. Ministan noma ɗan Tarayya ne ko ɗan Lumana, wallahi bai dame ni ba. In an fito da albasa baɗi zan je Galmi in tambayi kuɗin buhu, in biya ta Mozage in duba ko an fara yashe dam.