GANI YA KORI JI: MARTANI GA MASU RAINA KIƊAN FUROG

Kwanan baya a wani zaman hira na ji wani ɗan'uwa, wanda nake ganin girman iliminsa, yana yanke hukunci a kan kiɗan nan na Ingila da ake kira furog rok. A cewarsa hayaniya ce kawai ta 'yan boko masu son a san sun iya, waƙa ɗaya sai ta cinye minti ashirin ba kai ba gindi. Da na tambaye shi ko ya taɓa kallon makaɗan suna yi a kan dandamali, ko da a hoton bidiyo ne, sai ya ce a waya ya ɗan saurara yana cin abinci. To, a nan gizo ke saƙar. Wanda bai ga masaƙi a bakin aiki ba, ina zai san wahalar zane?

Bari mu fara da kayan kiɗan, domin a nan mai raini ya fi yin kuskure. Akwai wata na'ura mai suna Mellotron da aka riƙa ƙerawa a Birmingham tun 1963. Kamanninta na fiyano ne, amma a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kansa. In ka danna, zaren zai yi kamar daƙiƙa takwas ya ƙare, dole ka ɗaga yatsa ya koma farko. Ga nauyi, ga shi wutar lantarki na ɗan yin ƙasa sai muryarta ta karkace. Da irin wannan jaraba ƙungiyar King Crimson ta hau dandamali a Hyde Park ranar 5 ga Yuli, 1969, gaban dubun-dubatar mutanen da Rolling Stones suka zo kallo, alhali ba ta ko fitar da faifanta na farko ba. Haka Keith Emerson ya riƙa yawo da Moog, na'urar da ta fi kama da allon wayoyin gidan tarho, wadda sauti ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda, zafin fitilu kuma ya sa ta sauka daga saiti ana tsakiyar kiɗa. Mai son burga kawai ba ya ɗaukar wa kansa abin da zai iya kunyata shi kowane dare.

Sai batun tsawo. Gaskiya ne "Close to the Edge" ta Yes, ta 1972, ta haura minti 18, "Supper's Ready" ta Genesis kuwa ta kusa 23. Amma abin mamaki ne a ji Bahaushe na kukan tsawon waƙa. Mu da muka tashi muna jin Bakandamiyar Shata, muka san makaɗin fada ba ya duba agogo, yaushe muka koyi cewa waƙa minti uku ce? Wannan awo na gidajen rediyo ne da ƙananan faifai, ba na kunne ba. Abin tambaya shi ne me aka zuba a cikin tsawon. A wani sashe na waƙar Genesis ɗin, masu ganga da jita suna tafiya a kan ƙidayar bugu tara, mai ogan kuma yana yawo a kansu kamar bai san da su ba, sai can su haɗu daidai. A faifai kana iya cewa dabarar ɗakin naɗi ce. A dandamali babu wannan mafaka: mutum biyar ne, in ɗaya ya ɓata ƙidaya duk sun zube. Mike Rutherford yana rataye da jita mai wuya biyu, ƙafarsa kuma tana taka maɓallan sauti mai kauri a ƙasa. Idonka ne zai gaya maka haka, ba lasifikar waya ba.

Ba zan ɓoye ba, masu sukar suna da abin kamawa. Rick Wakeman ya shirya kiɗan labarin Sarki Arthur a kan ƙanƙara a Wembley a 1975, da masu sulu sanye da kayan mayaƙa. Wannan kam wuce gona da iri ne. Emerson, Lake and Palmer sun ɗebo ƙungiyar makaɗa guda suka shiga rangadi da ita a 1977, kuɗi suka gaza, ala tilas suka sallame ta bayan 'yan wasanni. Emerson ma yakan soka wuƙaƙe tsakanin maɓallan ogansa na Hammond, ko da yake wannan yana da amfaninsa, don wuƙar tana riƙe sautin yayin da hannunsa ya tafi wani wurin. Samarin fank da suka taso a 1976 sun yi musu dariya, kuma wata dariyar ta dace. Sai dai almubazzarancin mai gida ba ya mayar da ginin banza.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce Pink Floyd. A watan Oktoba na 1971 suka kafa kayansu a tsohon filin wasan Pompeii na Italiya, suka yi kiɗa babu ɗan kallo ko ɗaya, sai masu ɗaukar fim. Babu mai tafi, babu wanda za a burge. Ga Nick Mason sanda ta kuɓuce masa, ya zaro wata bai tsaya ba. Kuma The Dark Side of the Moon, kafin ya fito a faifai a Maris 1973, sun shafe shekara guda suna kaɗa shi a gaban jama'a, suna gyara, suna zubar da abin da bai zauna ba. Dandamali ne ya haifi faifan, ba faifan ya haifi dandamali ba.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne, ɗan'uwan nan nawa, a makon da ya yi wannan magana, mun halarci wani biki tare. Mawaƙin ya zo da kiɗansa a cikin kwamfuta, har muryar ma naɗaɗɗiya ce, yana ta motsa baki. Wuta ta ɗauke, waƙa ta mutu, aka tsaya cirko-cirko ana jiran janareto. Da aka tayar, ɗan'uwan nawa ne ya fara tashi ya yi masa liƙi.