Igiya ja ta iya, ba ta iya tsayarwa

Tsakanin Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, ba baƙon abu ba ne a ga mota tana jan matacciyar mota da igiya. Motar da injinta ya mutu kuwa birkinta yakan yi tauri, domin na'urar da ke ƙara masa ƙarfi da injin take aiki. Na gaba yana taka birki, na baya sai ya afka masa, ko ya kauce kan 'yar talla. A Amurka, tirelar yawon buɗe ido tana da na'urar da ke kama birkinta tare da na motar. Kano ba ta rasa masu walda ba. Sandar ƙarfe ta fi igiya aminci, kuma ya kamata KAROTA ta wajabta ta.