Fim Ba Magana: Ku Gwada wa Ƙannenku



Yau maganar ƙannenmu za mu yi. A Masama, kamar sauran garuruwan Gwandu da Kalgo, da zarar yaya ya fito da waya bayan sallar isha'i sai yara su yanyame shi. Abin da aka fi kunna musu shi ne fim ɗin Indiya mai fassara, inda mutum ɗaya ke magana da bakin kowa, har ya gaya maka wurin da za ka yi dariya. Yaro ya share awa biyu, an tauna an zuba masa a baki, ƙwaƙwalwarsa ba ta yi aikin komai ba. Tunda wayar a hannunmu take, mu ne ke zaɓa musu abin da za su gani. Shawarata ita ce mu riƙa sa musu tsofaffin finafinan da ba a magana a cikinsu.

Fim dai bebe aka haife shi. A ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Lumière suka nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a birnin Faris na ƙasar Faransa. Daga nan aka shafe fiye da shekara 30 ana yin fim ba murya, sai a 1927 fim mai magana ya fara karɓuwa a Amurka. A tsawon wannan lokaci ɗan wasa ba shi da abin isar da saƙo sai fuska da hannu da tafiya. In ta kama dole, a haska gajeren rubutu a allo, makaɗa kuma suna gefe suna kiɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku tambayi kakanninku labarin majigi. A zamanin Turawa mota ce ke shiga gari da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, gari ya taru bayan magariba. Hukumar da ta fi shahara da shirya waɗannan finafinai an kafa ta a 1939, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Legas. Ana nuna tsabta da noma da rigakafi, a surka da ɗan barkwancin Cali Caplin, wani mutum kuma yana riƙe da lasifika yana yi wa jama'a sharhi da Hausa. Ku riƙe maganar wannan mai sharhi, za mu dawo kansa.

Da wane fim za a fara? Ga huɗu:

Na farko, The Kid, wato Yaro, na 1921. Cali Caplin, wanda aka haifa a Landan a 1889 kuma ya tashi cikin talauci, ya fito a matsayin matalaucin da ya tsinci jariri ya rene shi. Wurin da hukuma ta zo raba su, ko babba sai ya yi ƙwalla.

Na biyu, The Gold Rush na 1925, inda yunwa ta sa Cali ya dafa takalminsa, ya zauna ya ci shi da yanga kamar wanda aka kawo wa kaza.

Na uku, Steamboat Bill, Jr. na 1928. Gaban gida sukutum ya faɗo kan Buster Keaton, ya tsira saboda ya tsaya daidai inda taga take. Ba dabarar kwamfuta, bangon na gaske ne.

Na huɗu, A Trip to the Moon na 1902, wanda Georges Méliès ya yi. Tsawonsa wajen kwata na awa ne, a ciki ne kumbo ya soki wata a ido.

Dukansu sun tsufa har sun zama na kowa a dokar Amurka, don haka ana samun su kyauta a YouTube. In za ku nemi Cali, ku rubuta Charlie Chaplin.

Sai yadda za a kalla. Ka fara kallo kai kaɗai, domin finafinan wata al'ada ce, akwai wuraren da za ka so ka tsallake. Ka nemi izinin iyaye, kada kuma ya ci lokacin sallah ko Islamiyya. Minti 15 ya isa a zaman farko. In an kai tsakiya ka tsayar, ka tambaya: me mutumin nan yake so? Ta yaya kuka gane yana jin tsoro? Me kuke zaton zai biyo baya? Sannan ka naɗa ɗaya daga cikinsu mai sharhi irin na majigi, ya riƙa faɗin abin da ke faruwa da Hausarsa. Gobe wani ya karɓa. Yaron da ya iya duban hoto ya fitar da labari, farko da tsakiya da ƙarshe, ya kama hanyar rubuta insha'i tun kafin malam ya nema.

Akwai wata riba kuma. A yankinmu ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Bazabarme sukan zauna tabarma ɗaya, kuma fim bebe bai fifita harshen kowa ba. Haka yaron da ba ya ji, wanda kullum ake bari a baya in ana kallo. A nan tare da kowa zai yi dariya, sau da yawa ma ya riga kowa ganewa.

Ba duk tsohon fim ne na yara ba. Akwai Palaver na 1926, wanda Turawa suka ɗauka a yankin Filato, cike yake da raina baƙar fata. Irin wannan namu ne mu manya, mu kalla tare da malamin tarihi mu ga yadda aka taɓa nuna mu ga duniya.

Wani zai ce yaran yanzu ba za su zauna wa hoto baƙi da fari ba. To, su wa ke kallon Tom and Jerry da Mista Bin? Khaby Lame, haifaffen Senegal, ya zarce kowa mabiya a TikTok a 2022 ba tare da buɗe baki ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma, kafin ya ce uffan tafiyarsa ta riga ta ba ka dariya.

Ga aikin wannan mako: bayan kallo, ku sa ƙannenku su yi wasan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba magana, mutanen gida su canki wace ce. Ku rubuto mana yadda ta kaya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.