A yi bayani kafin a soka allura

Babu musu, tazarar haihuwa ta ceci mata da yawa a Baudeta da karkarar Tasawa da Mayahi. Amma allurar wata uku, Depo-Provera, tana iya rikita al'ada, jini ya yi ta ɗiga har mace ta rasa tsarkin salla. Bayan an daina, ciki kan yi jinkirin watanni. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedin tana rage ƙarfin ƙashi. Ungozoma nawa ke faɗin haka?

Ƙwaya mai sinadari biyu kuwa haɗari ce ga mai hawan jini. Wajibi ne ministan lafiya ya tilasta awo kafin a ba da ita, 'yan tebur kuma su fitar da ita daga hajarsu.