A DUBA LITTAFIN KAFIN A ƘWACE SHI



A zangon nan sau uku ana ƙwace littafin Hausa a ajinmu. Duk lokacin da aka ƙwace, sai a ce littafin soyayya ne, ɓata tarbiyya yake yi. Mu a ƙungiyar 'yan jarida mun yarda cewa karanta labari malami yana koyarwa laifi ne. Amma muna roƙon a daina yi wa littattafan nan kuɗin goro.

Rubuta irin wannan littafi sana'a ce mai wahala. Marubuci yakan fara da biro da littafin rubutu irin namu. Idan ya gama, sai ya biya a buga masa a kwamfuta, ya sake biyan maɗaba'a daga aljihunsa. Daga nan ya kai wa masu sayar da littattafai a Kano, kuma sau da yawa sai an sayar kafin ya ga kuɗinsa. Shi ya sa ake raba labari gida biyu ko uku, a tsaya daidai inda ya yi daɗi, domin mai karatu ya nemi na gaba. Yanzu wasu marubuta sun koma waya, suna saka labari shafi-shafi a WhatsApp.

Mu ɗauki misalin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana kusan shekarunmu. Daga baya ta koma karatu ta hanyar yaƙi da jahilci. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 kuma Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sana'ar sayar da abinci. A 2012 aka buga shi da Turanci a ƙasar Indiya. Ta kuma rubuta Wa Zai Auri Jahila? domin a bar yara mata su yi karatu. Irin wannan ne zai ɓata mana tarbiyya?

Ba mu ce duk littattafan suna da kyau ba. Akwai masu batsa, mu ma ba ma son su. A 2007 har an ƙona wasu littattafai a Kano saboda wannan zargi. To amma mutane ba su daina karantawa ba. Mu ma idan aka ƙwace, ɓoyewa muke yi, mai kyau da marar kyau duka su koma ƙarƙashin tabarma, inda babu babban da zai ce mana wannan bai dace ba.

Shawararmu ita ce malamin Hausa ya karanta, ya zaɓo masu kyau a ajiye a ofis, mu riƙa ara ranar Juma'a mu dawo da su Litinin. Sannan sau ɗaya a wata mu zauna mu tattauna yadda marubucin ya ƙulla labarinsa.

Kuma mu ma mu gwada. Yawancin labaran da muke karantawa a birni suke faruwa, cikin manyan gidaje da motoci. Wa zai rubuta labarin masuncin da kachalla ta toshe masa hanyar kwale-kwale? Wa zai rubuta na yarinyar da ambaliya ta raba da makaranta wata guda? Mu 'yan Guri muka san waɗannan.

Duk wanda ya rubuta shafi ɗaya ya kawo wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa wanda ya fi kyau a wannan allo.