Shinkafar Argungu ba baƙuwa ba ce a hanyar Jega

Da wuya a yi taro kan noman shinkafa a Birnin Kebbi a tashi, wani bai karɓi lasifika ya roƙi gwamnati ta ƙara matsa lamba a hanya ba: a ƙara shingaye, a ƙaro jami'an kwastan, a tsayar da kowace mota a duba. Sai a tafa. Hujjar ita ce shinge garkuwar manomi ne, in aka ɗage shi shinkafar Tailan da Indiya za ta kwararo ta Kamba da Lolo ta kashe mana kasuwa. Tun watan Nuwamban 2015, da Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki, ake nanata wannan magana har ta zama jiki. Ni kuwa na ce shingen da ke tsakiyar ƙasa, nesa da iyaka, ba ya kare manomi. Manomin ne ma yake ciyar da shi.

Mu da ba mu da teku, bari mu ari ƙa'ida daga masu teku. Jirgin da ya yi lodi a Legas zai sauke a Fatakwal ko Kalaba, in kayan na gida ne, ko an riga an biya musu kuɗin fito, ba a sake karɓar fito a kansu. Abin da kwastan ke buƙata takarda ce: a rubuta abin da aka loda da inda za shi, a tashar sauka a gwada kaya da takarda. Ke nan bincike biyu ne, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Amurkawa sun ɗauki wannan da muhimmanci har suka sa shi cikin tsarin mulkin da suka rubuta a 1787, cewa jirgin da ya tashi daga wata jiha zuwa wata ba za a tilasta masa biyan fito ba. Jirgin ruwa kuwa ya fi tirela damar yin maguɗi, don yana iya karkatawa Kwatano cikin dare babu mai ganinsa. Idan takarda ɗaya ta ishi jirgi a teku, me ya sa ba za ta ishi tirelar da ta yi lodi a injin casar WACOT na Argungu ko na Labana a Birnin Kebbi ba?

A dubi yadda abin yake a ƙasa. Mota ta tashi daga Argungu, ta ratsa Birnin Kebbi, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, ta nufi Jebba da Ilori. Can gaba ga ganga, ga taya, ga katako mai ƙusoshi an gitta a kwalta. Mutumin da ke riƙe da igiyar katakon sau da yawa ba ya sanye da kakin kowa, yaron gari ne da aka ɗauka aiki.

“Direba, me ka ɗauko?”

“Shinkafa ce 'yar gida, ranka ya daɗe. Ga takardar kamfani.”

“Faka.”

Ba a karanta takardar. Yaron mota ya hau ya kwance tamfol, a tsira wa buhu biyu ƙarfe, a zuba ƙwayar a tafin hannu a kai hanci. In ta yi fari tas, babu tsakuwa, babu karyayya, to ta zama abin zargi. Wato mun kashe biliyoyi mun kafa injinan da za su tace shinkafarmu ta yi kyau, kyawun nata kuma ya zama shaidar da ake kama ta da ita. Direba ya san zaɓinsa biyu ne: ya kwana nan yana jiran oga, ko ya sa hannu a aljihu. Shi ya sa mai kaya ke ware abin da kowa ke kira kuɗin hanya tun kafin a tayar da mota, a lissafa shi tare da kuɗin gas.

Ba kwastan kaɗai ke tsaye a hanyar ba, kada a zalunce su. Akwai masu karɓar harajin jiha, na ƙaramar hukuma, na amfanin gona, na ƙungiya, kowa da rasit ɗinsa, wani ma ba rasit. Amma dukansu a inuwa ɗaya suke fakewa, inuwar cewa tsayar da motar abinci aikin kishin ƙasa ne.

Wa ke biya? Ɗan kasuwa ba ya asara don son manomi. Ba shi da ikon ƙara farashi yadda ya ga dama a Legas, tunda can akwai shinkafar wasu. Inda yake da iko shi ne bakin fadama, ranar da zai sayi shanshera a hannun wanda bashin taki da na fetur ya shaƙe wa wuya. Nan yake cire kuɗin hanyarsa. Mutumin da ya tafa a taro ya koma gida ya sayar da buhunsa da rangwamen da bai san an yi masa ba.

Abin haushin shi ne doka tana gefenmu. Dokar haraji ta 1998 ta hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji. A watan Agustan 2017 shugaban kwastan na lokacin, Hameed Ali, ya ba da umarnin cewa duk shingen da ya wuce kilomita 40 daga iyaka haramtacce ne, a rushe shi. A 2023 wanda ya gaje shi, Bashir Adewale Adeniyi, ya rusa rundunar musamman ta sintiri, ya yi alkawarin rage shingaye. Hukumar da kanta ta yarda abin ya yi yawa. Mu ne, masu kayan, muke roƙon a ƙara.

Ba yau aka fara ba kuma. Gwamna Lugga ya ɗora wa fatake harajin ayari a farkon mulkin Turawa, ana karɓa a tashoshi cikin ƙasa, kan goro da kanwa da tufa da dabbobi. Bayan tafiyarsa, a 1907, Turawan da kansu suka soke shi don yana kashe ciniki. Kafin nan, a 1895, mutanen Nembe ƙarƙashin sarkinsu Koko suka auka wa hedikwatar kamfanin Royal Niger a Akassa, saboda dokokin kwastan ɗin kamfanin sun mai da su baƙi a kasuwannin kogin da kakanninsu suka saba ci. Su yaƙi suka yi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ƙarya ba ce: 'yan fasa-ƙwauri na juye shinkafar waje cikin buhunan kamfanonin gida. Ana yi. Jamhuriyar Benin ta daɗe tana shigo da turarriyar shinkafa fiye da abin da mutanenta ke ci, kowa ya san inda ragowar ke zuwa. To amma buhun da ya kai garin Koko ya riga ya wuce iyaka, ya wuce duk shingayen da ke bayanta. A can ya kamata a kama shi, a bakin ruwa a Lolo da Dole Kaina, a hanyoyin dajin Kamba da Kangiwa. Kowane jami'in da aka girke a hanyar Yawuri yana shinshinar shinkafar Argungu, jami'i ne da aka rage daga inda ɓarnar take.

Mun kuma gwada matsin har ƙarshensa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, ta Kamba ma sai Afrilun 2022. A tsakanin rufewa da fara buɗewa hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13 da ɗoriya zuwa kashi 19 da ɗoriya, ko da yake annobar korona ma ta sa hannu. A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wanda ya rubuta wannan umarni bai taɓa ganin mai noman rani a ƙasar Dandi yana tayar da injin ban-ruwa ba. Da sunan kare manomi aka sa shi sayen man jarka a hannun 'yan bumburutu.

Sannan ga abin da ya fi ƙona rai. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka sheƙe ba a goge ba. Da sa hannu ɗaya a Abuja aka buɗe wa jiragen ruwa ƙofa, daga baya farashin shanshera ya faɗi, manoma suka koka. Ana iya gardama kan dacewar matakin, tunda jama'a na cikin yunwa. Abin da ba a gardama a kai shi ne babu shinge ko ɗaya tsakanin Argungu da Jebba da ya iya tare wannan shinkafar, don da cikakkiyar takarda ta shigo.

Ruwa ma da zai zama mafita, an bar shi. Gulbin da ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi Neja yake faɗawa, Neja kuma ta bi ta Yawuri har teku. Dokar sufurin gaɓar teku da kogunan cikin gida ta 2003 ta sa harajin kashi 2 cikin ɗari don a tara asusun sayen jirage, aka yi kusan shekara 20 ana tarawa ba a raba ba. An ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019, hatsinmu har yanzu a kwalta yake tafiya.

Indiya, wadda muke tsoron shinkafarta, ta rushe shingayen haraji tsakanin jihohinta a 2017, ta maye gurbinsu da takardar lodi ta kwamfuta. Abin da ya kamata ƙungiyar manoman shinkafa da masu injinan casa da gwamnatin Kebbi su nema ke nan: a tantance lodi a bakin injin ko a kasuwa, kwastan su sa hatimi, a ba direba lamba ɗaya da za a iya dubawa ta waya, kada a sake kwance masa tamfol sai inda zai sauke. Wanda aka kama ya yi ƙaryar lodi a ƙwace motar, a rufe injin da ya ba shi buhu. Jami'an da suka rage a mayar da su cikin kilomita 40 ɗin da hukumarsu ta shata wa kanta tun 2017.