Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi 'yar magana a kan 'yan sanda, ko da yake wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da caji ofis. Ruwansa kuwa babba ne, gama yaro ba ya karatu in uwarsa tana tsoron barinsa ya bi hanya.

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wani ƙaramin gari, na tarar da wani baturen 'yan sanda wanda ya san garin kamar tafin hannunsa. Ya san mai unguwa, ya san liman da fasto, har ya san hanyar da ɓarayi ke bi. Mutanen gari su ke tara kuɗi suna sayen man motarsa. Ran nan sai aka wayi gari an ɗauke shi, ba wanda aka shawarta, ba wanda aka gaya wa dalili. Kafin sabon ya gane gabas da yamma, an fasa makarantarmu sau biyu, iyaye suka fara hana yara zuwa.

Tushen abin yana cikin tsarin mulki na 1999. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya tak za a yi a Nijeriya. Sashe na 215 kuwa ya ba gwamna ikon yi wa Kwamishina umarni, amma Kwamishina yana iya cewa sai an kai maganar gaban Shugaban Ƙasa tukuna. Duk da haka jihohi suna zuba kuɗi. Jihar Legas ta kafa asusun tsaro tun 2007, tana sayen motoci da kayan aiki. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. To, wanda ya biya ladan fa, ba shi da bakin tambaya?

Amma fa kada mu yi saurin cewa a miƙa kome ga gwamna. Kakanninmu sun ga zamanin 'yan doka na En'e. Sun san gari sarai, amma sau da yawa masu mulki sun mai da su sandar dukan 'yan hamayya, irin su mutanen NEPU. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya bayan juyin mulkin 1966. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni sun yarda a duba batun 'yan sandan jihohi. In aka sauya ubangida kawai, daga Abuja zuwa gidan gwamna, talaka bai tsira ba.

Ni a ganina abu uku ake bukata. Na ɗaya, dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin jama'a. A raya su, a sa mata da malamai da 'yan kasuwa da baƙi mazauna Sabo, ba 'yan koren shugaban ƙaramar hukuma kaɗai ba. Na biyu, kada a ɗauke baturen 'yan sanda sai an ji ta bakin kwamitin. Na uku, duk kwabon da jama'a suka bayar a rubuta shi, a karanta a bainar jama'a kowace shekara.

Mu da za mu zama malamai, gobe mu za a kira mu riƙe alƙalami a irin wannan zama. Kada mu ƙi, kada kuma mu sa hannu a lissafin da ba mu karanta ba. Allah shi ba mu zaman lafiya, amin.